Aiken Waca da Ban Isar Ba

Baba ya rasu ranar Talata da hantsi, a ƙauyenmu da ke gabashin Dungas, bazara ta yi nisa, kowa idonsa na sama yana jiran ruwan shuka. Ubangiji ya karɓe shi hannu biyu, ya hutar da kafaɗun nan da suka shekara sittin suna dukan ƙarfe.

Kafin azahar gida ya cika. Matan majami'armu suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna waƙa a hankali, 'yan'uwanmu Musulmi suna gefe suna jan carbi, ba wadda ta hana wata. Liman ya zo da mutanensa, ya cire takalmi ya zauna a ƙofar maƙera, ya ce shekara arba'in suna maƙwabtaka bai taɓa kwana da haushin Baba ba. Wani manomi kuma ya taso daga wani ƙauye mai nisa da karyayyiyar hauya a kafaɗa, bai ji labari ba. Da aka gaya masa sai ya tsaya riƙe da ita, hawaye na zuba, can ya ce, "To ni yanzu wa zai gyara mini?" Aka yi masa tsawa, wai bai san abin faɗa ba. Ni kuwa duk gaisuwar da aka yi mini ran nan, tasa ce ta fi shiga raina.

Sauran duk bakinsu ɗaya: mai haƙuri, mai haƙuri, Allah ya ba shi ladan haƙurinsa. Haba jama'a! Baba ne mai haƙuri? Mutumin da ya taɓa jifan mijina da awartaki don ya ja masa zuga-zugi yana hamma? Da mutum ya mutu sai a ɗauko riga ɗaya a zura masa, ko ta yi masa ko ba ta yi ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni 'yarsa ta fari, malamar lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, kafin a goge mini ubana a bar mini wani waliyyi da ban sani ba.

Akwai wani dalilin kuma, gara in faɗe shi tun yanzu in huta. Kwana goma sha ɗaya kafin ya rasu, Baba ya aike ni Waca in kira masa ƙanensa, Baffa, wanda ya shekara ashirin da biyu bai taka gidanmu ba. Na je Waca, ban faɗa ba. Na dawo na ce na faɗa. Duk wanda ke zaune a tsakar gidan nan ya san an kira Baffa ya ƙi zuwa, kuma daga bakina suka ji. Shi kuwa Baffa yana bayan danga, a gindin aduwa, tun ranar rasuwar, ana amsa gaisuwarsa da gefen baki. Kunnensa ya yi nauyi, ba ya jin gunagunin da ake yi, bai san sabon laifin da aka ɗora masa ba.

Bari in fara da shi Baban.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ƙira gado ce a gidanmu, kuma shi ya ɗauke ta gaba ɗaya. Da safe ba ya amsa gaisuwa sai gawayi ya kama. Ko mai gari ne ya zo, sai ya tsaya ya jira jan wuta, sannan Baba ya ɗago kai ya ce, "Yauwa, mun kwana lafiya?" In manomi ya kawo hauya duk tsatsa, sai ya juya ta ya sake juyawa, ya ce, "Abin da ke ciyar da kai ke nan ka bari ya kwana a raɓa? Tashi ka ba ni wuri!" Mutumin zai koma gefe ya zauna, don kowa ya san bayan faɗan za a gyara. In ya gama wuƙa ko lauje, da yake shi ba shi da gashin gwaji, sai ya cafko hannun mai kayan ya aske masa tsintsiyar hannu. Da ka ga mutum a kasuwar Dungas da faci a hannu, ka san daga ina ya fito.

Matan da mazansu suka mutu kuwa ba sa jiran layi. Zai tsallake maza biyar ya karɓi fartanyar tsohuwa, in ta fara godiya ya ce, "Wuta ce ta riga ta kama, ba don ke ba ne." Ya tsani godiya kamar yadda ya tsani jiƙaƙƙen gawayi.

Ya shiga bin Almasihu yana saurayi, a wajen cin rani a tsallaken iyaka, bayan ya yi wata uku kwance a wani gidan likita na masu bi. Da ya dawo Kaka ya yi damina guda bai yi masa magana ba. Amma gari na son maƙeri, Baffa kuma hannunsa bai taɓa faɗa wa ƙira ba. Wata rana Kaka ya miƙa wa Baba masaba ya ce, "Addininka naka, ƙirata tawa, zo ka riƙe." Daga nan aka ci gaba da zama. Inna ta bi shi cikin bangaskiyarsa bayan aurensu, da ra'ayin kanta, don Inna ba a tura ta.

Rana ɗaya ce a shekara ba ya hura wuta ko da wa ya zo, Jumma'ar da muke tuna mutuwar Yesu. Ran nan yakan tafi ɗakin sujada da ƙusoshi uku dogaye da ya ƙera da hannunsa, irin na ƙofar rumbu, a naɗe cikin tsumma. Ba fasto ba ne, karatunsa ma da ƙyar yake haɗa baƙi, amma in an gama sai ya miƙe ya kwance tsumman, ya sa a zagaya da su kowa ya riƙe. Sannan ya ce:

"Waɗancan ƙusoshin wani ne ya ƙera su. Maƙeri ne irina. An zo an ce masa ana son uku dogaye, bai tambayi na mene ne ba, ya hura wuta ya buga, ya koma gida ya ci tuwo. Wani ya saro itacen. Wani ya kai saƙo. Wani ya ga abin da ake yi ya ce ba ruwansa, yana da aiki. Ba wanda ya yi duka. Kowa ɗan nasa ya yi, ga shi an kashe mutum."

Kowace shekara maganar ke nan, ba ƙari ba ragi, har yara suna kwaikwayonsa a bayan ɗaki. Wata shekara aka turo mana sabon fasto daga Magariya, matashi mai takalmi mai sheƙi. Ya hau wa'azi yana ta cewa su suka yi, su suka ƙi shi, su mugaye. Baba ya yi gyaran murya sau biyu, na uku ya ce, "Fasto, su wa?" Fasto ya ce mutanen wancan zamanin. Baba ya ce, "A'a. Ka ce mu. In su ne kaɗai, to gafarar ma tasu ce kaɗai, mu me muka zo yi nan cikin zafin nan?" Fasto ya yi fushi ya hau moto, babur ɗinsa, ko fura bai sha ba. Bayan wata biyu ya dawo da gatarin matarsa a gyara masa, suka shirya a bakin wuta.

Ni dai wannan magana ta Baba haushi take ba ni, kuma na sha gaya masa. Ni malama ce. In aka fasa tagar aji, wanda ya yi jifa nake nema, ba na durƙusar da aji duka. Na ce, "Baba, ni ban kashe kowa ba. Abin da aka yi tun kafin a haifi kakan kakanmu, ina ruwana?" Sai ya dube ni ta ƙasan gira ya ce, "Madam ta lakwal, Allah ya bar ki da tsabtarki." Na san ba'a ce, na kuma ƙi dariya.

Ina da shekara goma sha tara Inna ta rasu. Tsakiyar rani ce, mazan majami'armu, waɗanda a lokacin gida uku ne kacal, duk sun tafi cin rani. Tsohon limamin gari, mai sanyin hali, ya yi tafiya. Baba ya je wurin Baffa a kan a haƙa mata kabari kusa da Kaka, inda ake binne 'yan gidanmu. Baffa a lokacin yana neman shiga cikin manyan gari, ana ta yi masa gori a kan yayansa. Ya ce maƙabartar gidanmu ta masu sallah ce. Bai tsaya nan ba, ya ce wa samari duk wanda ya ɗauki fartanya ya san inda ya sa kansa. Ba wanda ya fito.

Baba ya ɗauki kayan haƙa ya tafi gefen gonarsa, ni na bi shi da ƙwarya. Wanda bai taɓa haƙa rami a yashinmu na rani ba, ba zai gane ba. Ka kwashe, ya zubo. Ka sake kwashewa, gefe ya rufto. Aikin mutum shida ne, biyu na haƙa, biyu na janye yashi daga baki, biyu na saro itacen rufi. Shi kaɗai ya yi, ni ina jan yashi da ƙwarya ina zubarwa nesa, ga Inna kwance a ɗaki cikin zafin nan tana jiranmu. Wata maƙwabciyarmu Musulma ta ratso ta bayan gonaki ta ajiye mana tulun ruwa, ta tafi. Har gobe ina gaishe da 'ya'yanta da girmamawa.

Sai bayan la'asar, rami ya kusa kai wa Baba ƙirji, muka ga Baffa tsaye a kan iyakar gona da fartanya a hannu. Ko nadama ce ta kawo shi, ko kunya, oho. Baba ya ɗago daga cikin ramin, fuska duk yashi, ya ce, "Koma. Kada ƙafarka ta sake taka gidana sai ranar da na aika a kira ka." Baffa ya tsaya jim, ya juya. A wurinmu in babban wa ya yi irin wannan furuci a bakin kabari, ba a tsallake shi. Da kaka ta yi, Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Waca, yana noma yana sayar da ƙota a kasuwa.

To ga mai haƙurin naku. Shekara ashirin da biyu yana zagayawa da ƙusoshi a ɗakin sujada, yana cewa an yafe wa masu guduma, shi kuwa bai aika ba.

Amma kuma ga wani abu. Gwaggo, ƙanwarsu, wadda ke aure a garinmu, duk bazara sai ta zo da ruwan hauya biyu a ƙunshe, ta ce na wani ne a can wajen. Baffa bahago ne, hauyarsa gefe ɗaya take cinyewa. Baba zai duba ya ce a ƙasan maƙoshi, "Wannan ta bahago ce," sannan ya tashi ya ɗauko ƙarfen mota mai kyau da yake ɓoyewa a ƙarƙashin buhun gawayi, ya ɓata rabin yini a kanta. Gwaggo, wadda ba ta tsoron kowa, takan ce, "Yaya, kai da kake cewa Annabinku ya yafe wa masu buga masa ƙusa, ƙanenka da ko guduma bai ɗaga ba fa?" Sai dai ka ji dukan ƙarfen ya ƙara ƙarfi. Ni kuwa a raina ina cewa daidai ne, kada ya aika har abada. Duk lokacin da na ga kamar zai sauko, ni ce mai tuna masa ƙwaryar yashi.

Bana ƙirjinsa ya kama shi, hayaƙin shekaru ya taru. Muka kai shi likita a Dungas, daga can Magariya, aka yi ƙarin ruwa aka yi allurai, a ƙarshe ya ce a maida shi gida ya ji warin gawayinsa. Na ɗauki hutu na zo jinya. Wata safiya ina shafa masa man zafi a baya ya ce, "Gobe kasuwar Waca. Ki je ki kira mini Baffanki."

Na ce ga waya, sai a nemi lambar ɗansa.

Ya ce, "Irin wannan magana ba ta waya ba ce, ƙafa take so."

Na ce to a aiki mijina, ko ƙanena.

Ya ce, "Ke za ki je. Ke ce 'yar wadda aka yi wa laifin, ke kika ja yashi. In ya gan ki zai san gidan duka ne ya kira shi. Ki ce masa na aiko, ya zo. Ki ce na yafe masa tun tuni, girman kai ne ya riƙe mini baki, shi ma ya yafe mini."

Na ce, "Baba, kai ne za ka nemi gafararsa? Shi ya yi me?"

Ya ce, "Madam, ba aji muke ba. Je ki."

Na shiga motar haya, muka yi ta tsalle a kan hanya har Waca. Ban sha wahalar samunsa ba. Yana ƙarƙashin wata rumfa a layin masu ƙota, ya tsufa, gemu fari fat, kamarsa da Baba har ta ba ni tsoro. Yana riƙe da kofin shayi, wani ya faɗi wani abu, yana dariya har da buga cinya. Dariyar nan ce ta gama da ni. Na ce a raina, uwata ta yini a ɗaki tana jiran rami, ubana na can yana tari da jini, kai kana nan kana dariya, kuma ni ce zan durƙusa in ce ka yafe? Na tsaya daga nesa kamar minti biyar. Sannan na juya, na sayi albasa da busasshen tumatir don a ga na je kasuwa, na nemi mota.

Da na shiga gida Baba ya ɗago kai tun kafin in ajiye kaya. Na ce, "Na faɗa masa. Ya ce yana tafe." Wallahi ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi. Na so in ga fuskarsa ta saki, ta kuwa saki. Na ce wa kaina zuciyata za ta huce in koma wani satin, ai akwai lokaci.

Washegari ya sa aka fito da shimfiɗarsa zaure, inda yake hangen hanya. Ya sa ƙanwata ta riƙa dama fura kullum da citta mai yawa ba sukari, wai haka Baffa ke so tun suna yara. Duk moto da ya ratso gari sai ya yunƙura ya ɗago, in ya wuce ya koma ya kwanta. Da yamma a raba wa yara furar. Satin ya zagayo, ranar kasuwar Waca ta zo ta wuce, ban je ba, don in na je yanzu sai na faɗi dalili, ni kuma ba na son a san Madam ta yi ƙarya.

A kwana na takwas Gwaggo ta fashe. Ta ce Baffa ba ɗan halak ba ne, an tura masa 'ya har kasuwa ya wulaƙanta ta, ita da shi har abada. Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar shi. Shekara ashirin da biyu na sa shi jira, ni kwana takwas ne zan ce na gaji?" Ya huta, numfashi na yi masa gardama, ya ƙara da cewa, "Shi Ubangijina tun gudumar na hannunsu ya roƙa musu gafara. Ni sai da na hango ramina. Yana da gaskiya in bai zo ba." Ina zaune a gefensa riƙe da kofin ruwa. Kalma huɗu ce kawai, Baba ban faɗa ba. Na buɗe baki na ce masa ya ƙara shan ruwa.

Ranar Talatar da safe ya kama hannuna ya ce, "In kin ga Baffanki, ki ce ban yi fushi ba da bai zo ba." Aike na biyu ke nan a kan na farko. Kafin rana ta take ya cika, fuskarsa na kallon hanya.

Labari ya kai Waca ta bakin 'yan kabu-kabu, Baffa ya iso kafin a fita da gawa. Bai shigo ba, don har yanzu a saninsa ba a aika ba. Ya bi mutane zuwa gefen gona, kusa da Inna. Wannan karon masu haƙa sun fi ashirin, Musulmi da masu bi, har ana karɓe-karɓe. Tsohon nan mai shekara saba'in da ɗoriya ya fizge fartanya daga hannun wani ya sauka cikin ramin. Na ji wata daga cikin matan majami'a ta ce, "Sai yanzu? An kira shi yana da rai ya ƙi." Gwaggo ta juya masa baya. Da aka dawo ya shimfiɗa buzunsa a gindin aduwa, abincin da aka kai masa ma yara aka ba su kai, ba babba ko ɗaya.

Kwana biyu ina kallonsa ta ramin danga. Na yi addu'a, ba sau ɗaya ba. Na san abin da aka koya mana, na san an ce jinin Yesu ya isa har da ni. Amma abin ya ƙara ba ni haushi ne. Gafarar ba ta dawo da kwana goma sha ɗaya ba, ba ta kai wa Baba labari cewa ƙanensa bai ƙi shi ba. Na tuna maƙerin da yake ba mu labari kowace shekara, na ga ashe ni ma kullum cikin kwanakin nan na ci tuwona na ƙoshi. Ban zagi kowa ba, ban ɗaga wa kowa hannu ba, albasa kawai na saya na dawo. Na ji haushin Baba da ya aike ni, na ji haushin Baffa da bai karya doka ya zo da kansa ba, na ji haushin masu cewa in yi haƙuri. Duk na san inda haushin ya kamata ya sauka.

A rana ta uku aka yi addu'a da safe, fasto ya yi tasa, liman ya yi tasa a waje. Da azahar na ga an kira wa Baffa mai moto, yana naɗe buzunsa. Mijina, wanda shi kaɗai na gaya wa, ya ce, "In ya hau moton nan, shi ke nan, da wannan sunan zai mutu." Na ce ya rufe mini baki. Sannan na ja mayafi na fita.

Maza sun fi talatin a gindin aduwa, har da liman da fasto. Na durƙusa a gaban Baffa. Da yake ba ya ji sosai, dole na ɗaga murya, abin da na so in faɗa a asirce kowa ya ji shi.

Na ce, "Baffa, Baba ya aike ni wurinka kafin ya rasu. Na je Waca na gan ka, na juyo ban faɗa maka ba. Na dawo na ce masa kana tafe. Ya jira ka kwana goma sha ɗaya a zaure."

Na ji salatin Gwaggo daga bayan danga. Baffa ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ranar kasuwa? Kina da shuɗin mayafi?"

Na ce e.

Ya ce, "Na gan ki. Na ji Yaya yana kwance, kullum da riga mai kyau nake fita ko za a aiko. Da na hango ki na ajiye shayi, na ce wa na kusa da ni ga 'yar yayana ta zo, a sayo mata ruwan sanyi. Kafin in nemo takalmina kin juya. Na ce to, an turo ta ta duba ko ina raye ne, ba kira ba ne." Ya share fuska da hannun riga. "Ledar ruwan a hannuna ta huce."

Ya ce, "To faɗi aiken. Yadda ya faɗa, kada ki rage."

Na faɗa da ƙarfi, a gaban kowa. Ya aiko, ka zo. Ya yafe maka tun tuni, girman kai ne ya riƙe masa baki, kai ma ka yafe masa. Kuma bai yi fushi ba da ba ka zo ba. Baffa ya sunkuyar da kai yana kuka irin na tsofaffi, ba sauti, sai kafaɗu.

Na ce, "Baffa, ni fa? Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Da gaske nake, na so ya zage ni, na so ya mare ni a gaban mutanen nan, ko na samu abin riƙewa. Ya ɗago ya ce, "Na san nauyin jiran wannan kalmar, ba zan ɗora wa 'yar yayana ba. Na yafe miki. Uwarki kuma, ke ce za ki yafe mini ita, in kin iya, ba yau ba."

Ya ce wa mai moto ya tafi. Sannan ya ɗago hannu wajena, na runtse ido na sunkuyar da kai. Ashe miƙo mini ya yi in tayar da shi, don gwiwoyinsa ba sa ɗaukarsa.